TARIHIN SASSABEN ZAMANI: YADDA MANOMA SUNKA MAIDO ITATUWA CIKIN GONAKI



A wagga fitowa shafin tarihi zai yi magana bisa itatuwan da ke tsaye cikin gonakinmu. Yaro ɗan shekara 20 da ya tashi ya tarar da gawo da kalgo da sabara cikin gonar ubansa yana tsammanin haka ƙasar take tun asali. To, ba haka take ba. An yi wani zamani, kuma bai yi nisa ba, da mutum zai tsaya bakin gari ya hangi garin da ke gaba, babu abin da ya tare mashi ido. Mun saba jin sunan ƙasarmu a gidajen rediyon duniya in an yi fari ko yunwa ko tashin hankali. Wanga labari kuwa na alheri ne, kuma talakawa ne sunka yi shi da hannunsu, da adda da gatari. Ya kamata mu san shi daki-daki, don wanda bai san wahalar samun abu ba, ba ya sanin darajarsa.

1. YADDA ƘASAR TAKE A DA

Dattawa sun gaya muna cewa a zamanin kakanninsu daji ya fi gona yawa. Cikin ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙe tsakanin Maraɗi da Gobir a gefe guda, da Sakkwato da Katsina a ɗaya gefen, jama'a ta taru ne cikin garuruwa masu kariya da kwarin Gulbin Maraɗi, don babu mai iya kwana shi kaɗai a fili. Bayan da Faransawa sunka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya kwanta, sai mutane sunka fara fita bisa jigawa suna saran daji, suna gina rijiyoyi, suna kafa ƙauyuka. Shi ya sa garuruwanmu da yawa ke ɗauke da sunan wanda ya fara sara: Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane.

A wancan lokaci manomi yakan noma gona shekara kaɗan, in ta gaji ya bar ta saura ta huta, ya sari wata. Kafin ya komo gare ta, daji ya rufe ta. Ko cikin gonar da ake nomawa ma akan bar itatuwa masu amfani: kuka don miya, tsamiya don kunu, ɗorawa don kalwa, aduwa da magarya da kanya don ƴaƴansu, gawo don taki da abincin bisashe. A ƙasar Damagaram har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta cikin ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Ke nan sanin darajar itace cikin gona ba baƙon abu ba ne gare mu. Sakinsa munka yi na wani lokaci, kuma da dalili.

2. ABIN DA YA CINYE ITATUWA

Dalili na farko shi ne doka. A 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Bayan samun ƴancin kai a 1960 anka ci gaba bisa wannan tafarki, kuma dokar daji ta 1974 ta jera wasu itatuwa, har da gawo, waɗanda ba a taɓa su sai da takardar izini. Niyyar masu dokar ita ce kare itatuwa. Amma ga yadda abin ya zama a ƙauye: itacen da ya tsiro cikin gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne. In ka sari reshensa, ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara. In wani ya zo da dare ya sare shi, kai mai gona za a fara tambaya. To, wa zai yi renon abin da zai jawo mashi tara? Sai manomi ya riƙa kashe ɗan itace tun yana ƙarami, kafin idon ma'aikaci ya kai gare shi.

Dalili na biyu shi ne noman gujiya, wato gyaɗa. Ita ce ta gina kasuwar Maraɗi, da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. A 1962 anka kafa kamfanin SONARA don sayenta da fitar da ita waje. Malaman gona na wancan zamani sun koya ma mutane cewa gona mai kyau ita ce wadda anka tumɓuke kututturanta don garmar shanu ta wuce, a shuka layi-layi. Daga nan gona fes ta zama alamar manomin kirki, mai barin tsirrai cikin gonarsa kuwa a ce da shi raggo.

Dalili na uku shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta samu mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5, ta 1988 ta samu fiye da miliyan 7, ta 2012 kuma fiye da miliyan 17. Da mutane sunka yawaita, gona ta haɗu da gona, saura ta ƙare, ƙasa ta daina hutawa. Birane kuma sunka girma, kowane gida yana neman itacen girki kullum.

Dalili na huɗu shi ne fari. Tun daga 1968 damana ta fara tsukewa, abin ya kai matuƙa a 1973. Bisashe sunka mutu garke-garke, rumbuna sunka bushe. Wannan wahala tana cikin abubuwan da sunka sa sojoji, ƙarƙashin Seini Kunce, sunka kifar da gwamnatin Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. A ƙauye kuwa, wanda ba shi da hatsi sai ya ɗauki gatari, don itace kaɗai ya rage abin kaiwa kasuwa.

Da waɗanga dalilai huɗu sunka haɗu, ƙasa ta zama tsirara. Iskar farkon damana ta riƙa kwaso rairai tana yanke shuka ko ta binne ta, har manomi ya yi shuka sau uku ko sau huɗu a shekara ɗaya. Mata sunka riƙa tafiya mai nisa neman itace, in ba su samu ba su yi girki da karan hatsi da kashin shanu. Alhali kara da kashin shanu su ne abincin gona. Ke nan murhu yana cinye rabon gona, gona kuma tana rage ma tukunya.

3. ƘOƘARIN DASHE

Hukuma ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama kuma ranar dashen itatuwa. Anka buɗe lambunan renon itatuwa, anka raba dogon yaro da turare, samariya da ƴan makaranta sunka fita dashe. A watan Mayu 1984 anka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Wasu wurare aikin ya yi kyau, kuma dole a faɗa. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoma sun fara dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975, har sunka kai ɗaruruwan kilomita. A Keita kuma, daga 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, anka yi aikin tare ruwa da duwatsu bisa tsaunukan Adar, anka dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne sunka ɗauki babban kaso na wannan aiki, da dutse a ka, cikin rana.

Amma a wurare da yawa itacen dashe bai rayu ba. Saiwarsa gajera ce, rani kuwa wata takwas ne. Wanda ya tsira daga ƙishirwa, akuya ta ci shi, ko gara ta kashe shi. Ga shi kuma babu wanda ya san ko na wane ne, to wa zai ɗauko ruwa daga rijiya mai gaba 30 ya ba shi? Kuɗin da ake kashewa a kan kowane itace ɗaya da ya rayu ya yi yawa ƙwarai. Da dashe kaɗai, babu ranar da za a rufe ƙasa mai faɗin tamu.

4. ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Cikin masu wannan ƙoƙari akwai wani malamin gona mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo, wanda ya zo Nijar a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a ƙasar Maraɗi. Shi ma dashe ya fara, shi ma itatuwansa mutuwa sunka riƙa yi. Wata rana cikin 1983, yana ɗauke da ƴan itatuwan dashe zuwa ƙauyuka, sai ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairai. Nan idonsa ya kai ga wani ɗan tsiro na bakin hanya, irin waɗanda muke sarewa kowace bazara mu yi toyi da su. Da ya duba ganyen sai ya gane ashe itace ne sosai wanda anka sare, kututturensa yana da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa, kowace shekara yana fitar da toho ana kashewa. Ya ɗaga kai ya ga irinsa ko'ina cikin gonaki. Ashe dajin da ake kuka ya tafi yana nan a ƙarƙashin ƙasa.

Dabarar da ta fito daga nan ita ce anka sa ma suna sassaben zamani, kuma ba ta da wuya. Lokacin sassabe, maimakon ka share komai, sai ka zaɓi kututturan da kake so. A kowane kututture ka bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Ka sassabe rassan ƙasa har wajen rabin tsawonsa, da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Wasu sukan ɗaura tsumma a jikinsa don mai wucewa ya san yana da mai shi. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta san hanyar ruwa, ba ya neman ban ruwa. Cikin shekara biyu ko uku sai ka ga ya fi ka tsawo. Ba a sayen iri, ba a sayen waya, ba a jiran mota ta kawo komai.

Manoma ƴan kaɗan, wajen goma, sunka yarda su gwada. An yi masu dariya, an ce sun bar gonakinsu da datti, an ce Bature mahaukaci ya ruɗe su. Wasu ma an bi dare an sare masu itatuwan. Ba mu da sunayensu a littafi, amma duk wanda ya sha inuwa cikin gona a yau yana da bashinsu a wuyansa.

5. SHEKARAR 1984

Sai ga farin 1984, wanda ya fi na 1973 zafi a wurare da yawa. A shekarar nan kuma Najeriya ta rufe iyakokinta, hanyar hatsi da ta cin rani ta toshe, shi ya sa mutanenmu sunka sa ma yunwar suna El Buhari. Ƙungiyar da Rinaudo ke ma aiki ta shiga rabon abinci a ƙauyuka wajen 100 na ƙasar Maraɗi, bisa sharaɗin kowane manomi ya bar itatuwa kamar 40 a kowace hekta ta gonarsa. Yunwa ba ta jayayya, mutane sunka yarda. An ƙiyasta itatuwan da anka rena a wannan lokaci sun kai 500,000. Sannan anka roƙi shugabannin gandun daji na Maraɗi su sassauta ma manomin da ya reni itace cikin gonarsa, ya amfana da shi ba tare da tsoron tara ba, kuma sunka amince.

Da rabon abinci ya ƙare, mafi yawan manoma sun koma sun sare itatuwan. Kada mu yi saurin zarginsu. Shekara da shekaru ana gaya masu itace yana cinye hatsi, yana tara tsuntsaye, yana jawo tara. Amma wasu sun riƙe nasu. Su ne sunka ga iska ta daina yanke masu shuka, sun ga ganye yana zuba yana zama taki, sun ga matansu suna samun itacen girki daga rassan da anka sassabe, sun ga hatsi bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Waɗanda sunka sare kuma sun ci kuɗin itacen, sun ɗanɗana amfaninsa, sai ga kututturan sun sake toho suna jiran su. Gani ya kori ji. A hankali sunka komo, wannan karo babu mai ba su ko tiya ɗaya ta hatsi.

6. DAGA MAƘWABCI ZUWA MAƘWABCI

Nan ne zuciyar wanga tarihi. Sassaben zamani ya bazu ne kamar yadda iri mai kyau ke bazuwa a ƙasarmu: a kasuwa, a wurin suna da biki, a hanyar cin rani. Mutum ya je gaisuwa garin surukansa ya ga gona da itatuwa, ya tambaya, a kama hannunsa a kai shi gindin kututture a nuna mashi. Babu wanda ya ɓoye sani, babu wanda ya ce a biya shi. Ƙungiyoyi sun taimaka da kai manoma ziyara da yin bayani a rediyo, amma yawan aikin tsakanin manomi da manomi anka yi shi.

Akwai kuma wani alheri da ba a cika lura da shi ba, shi ne kame hannu. Itace ba ya girma cikin gona sai in duk mai wucewa ya ƙyale shi: matar da ta fito neman itace da rani, yaron da ke kiwon awaki, makiyayin da ke neman ganye don shanunsa. Kowane gawo da kunka gani ya kai girma, mutane ɗari sun wuce shi da gatari a kafaɗa ba su taɓa ba.

Garin Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, ya yi suna a kan wannan. Mutanen garin, da goyon bayan aikin raya karkara da hukumar FIDA ta ɗauki nauyi, sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, sun sa mata a ciki, sun sa Fulani makiyaya, sun tsara dokokinsu da kansu tare da sanin sarakuna da ma'aikatan gandun daji. Da makiyayi ya zama ɗan kwamiti, ya san yana da rabo cikin ganye da ƴaƴan gawo, sai ya zama mai tsaro. Daga baya garuruwa da yawa sunka zo ganin yadda Ɗan Saga ta yi.

A jahar Tawa kuma wani sani ya shigo ta irin wannan hanya. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela sun je ziyara Yatenga, cikin Burkina Faso, sun ga yadda manoman can ke haƙa ƴan ramuka bisa fako, su zuba taki a ciki, su shuka. Sun komo gida sun gwada, abin da muke ce ma tassa. Fakon da ba ya fitar da ko ciyawa ya koma ba da hatsi, kuma ƴaƴan itatuwan da ke cikin takin sunka tsiro cikin ramukan.

A kudancin Damagaram, ƙasashen Magarya, Matamai da Mirya, manoma sun yi nasu renon gawo, galibi ba tare da wani aiki na waje ya zo masu ba. Sanin kakanni ne sunka farfaɗo da shi lokacin da ƙasa ta matse.

Zamani ma ya taimaka. Bayan faɗuwar kuɗin yuraniyom cikin shekarun 1980, da rasuwar Kunce a 1987, da Taron Ƙasa na 1991, hannun hukuma ya yi sauƙi a ƙauyuka, mutane sunka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Da anka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu 1994, takin zamani ya fi ƙarfin talaka, sai darajar gawo ta ƙara fitowa. Doka ta biyo bayan manoma: dokar karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙuduri na musamman da ya amince da haƙƙin manomi bisa itatuwan da ya rena cikin gonarsa.

7. RANAR DA ANKA ƘIRGA

Abin mamaki, shekara wajen 20 ana wanga aiki duniya ba ta sani ba, har manyan ofisoshin Yamai ba su san girmansa ba. Sai wajen 2004 zuwa 2009 masu bincike sunka bi sawu. Cikinsu akwai Mahamane Larwanou, masanin itatuwa ɗan Nijar, da Chris Reij mutumin Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Sun ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975, sun gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam na bayan shekara 2000, sannan sun shiga ƙauyuka da ƙafarsu. Hoton garin Galma, kusa da Madawa, ya zagaya duniya: a 1975 itatuwa ɗai-ɗai, a 2003 sun cika fili, ga shi kuma garin ya ƙara girma.

Ga ƙiyasin da sunka fitar. A ƙasashen Magarya, Matamai da Mirya kaɗai, wajen hekta miliyan 1. A kudancin Nijar gaba ɗaya, wajen hekta miliyan 5, da sababbin itatuwa kimanin miliyan 200. Sun ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu dalilin haka ya kai tan 500,000 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2 da rabi. Wasu za su ce ai damana ce ta gyaru bayan shekarun fari. Gaskiya ne ta ɗan gyaru. Amma masu binciken sun lura itatuwan sun fi yawa cikin gonaki, inda mutane sunka fi cunkoso, fiye da dajin da ba shi da mai shi. Ruwa yana sauka ko'ina, hannun mai reno ne ya bambanta wuri da wuri.

8. ABIN DA ITACE YA SAKA MUNA DA SHI

Mu ɗauki gawo. Shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damana, lokacin da hatsi ke son rana, ya yi ganye da rani, lokacin da bisashe ke son inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara ma ƙasa ƙarfi, bisashen da ke kwanciya gindinsa suna barin taki, ƴaƴansa kuma ana cika buhu da su a kai kasuwa. Kowa ya ga yadda hatsin gindin gawo ke fin na fili tsawo da kauri. Kalgo da sabara da geza suna tare rairai da ganyen da iska ke kwasowa, suna ba da itacen girki da na darni da magani.

Mata ne sunka fi kowa shaida canjin. A wasu ƙauyukan Damagaram da anka yi bincike, lokacin neman itace ya sauko daga awa biyu da rabi a yini zuwa rabin awa. A kewayen Mirya mata suna da kukoki nasu na kansu, suna sayar da ganyen, su yi ma ɗiyansu kayan ɗaki da kuɗin.

Shekarar 2005 ta gwada kowa. Fara da ƙarancin ruwa sun ɓata damanar 2004, tsadar hatsi ta kai inda talaka ba ya iya kaiwa. Masu bincike sun tarar ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi jure wahalar. Mai itace ya sassabe rassa ya sayar ya sayi hatsi, ya ba bisashensa ganye sunka kai damana, iyalinsa sunka samu ƴaƴan itace da ganyen miya. Wanda a da zai sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya tafi, wannan karo ya zauna gida ya yi shuka.

Labarin bai tsaya Nijar ba. Rinaudo ya koma ƙasarsu a 1999 ya shiga ƙungiyar World Vision, ya kai dabarar Humbo cikin ƙasar Habasha, daga nan ta shiga ƙasashe fiye da 20. A 2018 anka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Yatenga wanda ya yi suna a kan gyaran fako da ramuka, wanda ya rasu a 2023. Waɗanga mutum biyu sun karɓi lambar, amma abin da anka yaba aikin dubban ɗaruruwan manoma ne, maza da mata, irin iyayenmu.

9. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ƴan uwa, abin da hannu ya gina hannu yana iya rushe shi. Gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado. Birane suna ƙara neman itace da gawayi, ɓarayin itace kuma ba su daina bin dare ba. A wasu gonaki manyan gawuna sun tsufa, babu ƙanana a bayansu. Samari da yawa suna wajen cin rani lokacin sassabe, ba su ga yadda ake yi ba. In munka yi sake na shekara goma, za mu koma shuka sau huɗu.

Saboda haka muna kawo shawara huɗu, a tattauna su a taro mai zuwa. Na ɗaya, kowane mai gona ya bar sabon toho bana, ko da gonarsa tana da manyan itatuwa, don tsoho ya samu magaji. Na biyu, kowane uba ya tafi da ɗansa da ɗiyarsa ranar sassabe, ya ba su adda su yi da hannunsu, don itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, a zauna da mai gari da mata da makiyayan da ke sauka kusa da mu, a tsara yadda za a tsare itatuwa da yadda kowa zai samu rabonsa, tun kafin rigima ta taso. Na huɗu, a yi gayya a gonakin tsofaffi da matan da mazansu sunka rasu da marasa lafiya, a sassabe masu itatuwansu, a kai masu rassan gida.

Muna kuma roƙon ƴan makaranta, in sun zo hutu, su zauna da dattawan da sunka ga 1973 da 1984, su tambaye su wane ne ya fara barin itace cikin gonarsa a garinmu, me anka ce da shi, wa ya koya mashi, shi kuma wa ya koya ma. Su rubuta su aiko, mu buga a fitowa ta gaba, don jikoki su san waɗanda za su yi ma addu'a. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. A gaida mutanen gida.